Yadda Iskar Gas Ta Karya Dokar Littafi

Duk wanda ya ɗaga tukunyar gas a wurin masu ɗurawa a Makarfi, Ikara ko Hunkuyi, ya girgiza ta, zai ji abu yana motsi a ciki kamar ruwa. Ruwan ne kuwa. Amma bisa dokar da 'yan sakandare ke haddacewa, bai kamata hakan ya yiwu ba.

Dokar ta faro ne daga Robert Boyle, wanda ya nuna a Ingila a 1662 cewa in aka ninka matsin da ke kan iska, wurin da take ci yakan ragu da rabi. Wasu suka ƙara da batun zafi, har Clapeyron na Faransa ya haɗa komai a lissafi ɗaya a 1834. Lissafi ne mai kyau, sai dai a kan zato biyu aka gina shi: wai ƙwayoyin gas ba su da jikin da zai ci wuri, kuma ba sa jan juna. Gas mai wannan hali, ko za a kwana ana matsa shi, ba zai zama ruwa ba.

Alhali tun 1823 Michael Faraday ya mayar da iskar kulorin ruwa. A 1869 kuma Thomas Andrews, a Belfast, ya gwada iskar kabon da muke fitarwa a numfashi, ya ga cewa ƙasa da digiri 31 matsi na mayar da ita ruwa, sama da haka kuwa ko kusa. Ashe kowane gas da iyakar zafinsa.

Wanda ya warware ƙullin ɗan kafinta ne daga Leiden ta ƙasar Holan, malamin makaranta mai suna Johannes van der Waals. Rashin Latin da Girkanci ya daɗe yana hana shi zana jarrabawar jami'a, abin da ya isa ya ba masu tsara sharuɗɗan shiga jami'a kunya. A kundin digirinsa na 1873 ya yi gyara biyu: a cire wurin da ƙwayoyin kansu suka ci, a kuma lissafa jan da suke wa juna. In kasuwar rake ba ta cika ba kowa harkarsa yake, ba ruwansa da wani. In ta cika maƙil, sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Haka gas yake. Da ƙaramin matsi da zafi mai yawa tsohuwar doka na aiki. In matsi ya tsananta ko sanyi ya yi yawa, sai ta kauce. An ba van der Waals lambar Nobel a 1910.

Gas ɗin girki, haɗin furofen da butan, iyakar zafinsa na can sama: digiri 97 ga na farko, 152 ga na biyu. Shi ya sa ko a tsakiyar bazara matsi kaɗan ya isa ya riƙe shi a ruwa, kuma lita ɗaya ta ruwan na ba da kimanin lita 250 ta iska. Da haka kilo 12.5 ke shiga tukunyar da ake ɗaurawa a bayan babur. Ruwan na kumbura in ya ji zafi, don haka mai ɗurawa da ya san aikinsa ba ya cika tukunya har wuya, kuma a kan sikeli yake sayarwa.

Gas ɗin CNG da motoci suka fara komawa gare shi bayan cire tallafin fetur a 2023 daban yake. Mafi yawansa metan ne, iyakarsa na ƙasa da sifili da digiri 80 da 'yan kai, saboda haka a zafin ƙasarmu iska yake zama. Dole a danna shi da matsi ninki 200 na iskar sarari, a tukunya mai kauri da nauyi. A wannan matsin jan da ƙwayoyin ke wa juna na sa tukunyar ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar fiye da hasashen tsohuwar doka. Irin wannan gas ne aka tsara bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, zai ɗauko, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.