Asalin Orangina, Lemon da Sai an Girgiza

A ƙasar Aljeriya, kudu da babban birninta, akwai wani gari ana ce masa Boufarik, a tsakiyar gonakin lemon zaƙi. Can ne mahaifar lemon kwalbar nan Orangina.

Wajajen 1935 wani ɗan kasuwar garin, Léon Beton, ya tafi baje koli a Marseille ta Faransa. Nan ya tarar da wani mai haɗa magunguna, Dakta Trigo, mutumin Valencia ta ƙasar Sifen, yana tallar wani ruwan lemo da ya raɗa wa suna Naranjina. Beton ya ɗanɗana, ya tuna da lemon da ke jibge a garinsu, sai ya sayi sirrin haɗin. A 1936 abin ya fito da sabon suna. Bai yi nisa ba yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen, Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya, harka ta kwanta.

Ɗan Beton, Jean-Claude, ne ya tashe ta a 1947. A 1951 ya kafa kamfani, ya fito da kwalbar da aka san lemon da ita har yau: 'yar guntuwa, mai ƙaton ciki da siririn wuya, jikinta da kaushi kamar ɓawon lemo. Masu shaguna suka yi ta mita, wai tana cinye musu wuri a firji. Ya yi kunnen uwar shegu da su.

Sai kuma maganar tsaki. Da yake da ainihin 'ya'yan itace ake yin sa, in kwalba ta daɗe a ajiye sai tsakin lemon ya kwanta a gindinta, kamar kunun zaƙi a gora. Da wani ne, da ya tace ya huta. Shi kuwa ya bar shi, ya ma mai da shi abin talla: a girgiza kafin a sha. A ganina nan ya fi nuna wayo.

Da Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, kamfanin ya ƙaura Marseille. Pernod Ricard ya saye shi a 1984. Coca-Cola ma ya taɓa tayawa, gwamnatin Faransa ta hana cinikin. A 2009 Suntory na Japan ya karɓe shi, kwalbar kuwa tana nan da tumbinta.