Tutiya: Ƙarfen da ke riƙe da ƙwayoyin halittar jiki

Galibin mutanen Gusau sun san tutiya, wadda likitoci ke kira zinki, a matsayin ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, ko kuma ƙwayar maganin da ake bai wa yaro mai gudawa.

Sai dai a jikin kowane babban mutum akwai giram 2 zuwa 3 na wannan ƙarfe, kuma aikinsa ya fi yawansa nesa ba kusa ba.

A shekarar 1985 ne Aaron Klug da abokan aikinsa a Kambirij, Ingila, suka gano wani ɗan lanƙwasa a jikin furotin na wani kwaɗon Afirka. Ƙwayar zarra ɗaya ta tutiya ce ke ɗaure lanƙwasan, kamar yadda ƙusa ke riƙe katako. Da yake siffarsa ta yi kama da yatsa, sai aka sa masa suna yatsan tutiya.

Da farko an san waɗannan yatsu da kama ƙwayoyin gado. Daga baya aka gano wani nau'insu mai yatsu biyu a haɗe, da ake kira LIM, a daidai wuraren da ƙwayar halitta ke manne wa abin da ke kewaye da ita. Furotin ɗin paksilin yana da irinsu 4, ziksin kuma 3.

A waɗannan wurare ƙwayar halitta ba mannewa kawai take yi ba. Tana jin ja da matsi, sannan ta aika saƙo cikinta kan ko ta tsaya, ko ta matsa, ko ta rabu biyu. Haka ƙwayoyin fata ke rarrafawa su rufe rauni. Idan tsarin ya lalace, kamar a wasu nau'o'in sankara, ƙwayoyin kan saki wurinsu su bazu a jiki.

Dalma, abokiyar gaba

Zamfara ta ga abin da ke faruwa idan wani ƙarfe ya kutsa inda ba nasa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta jagoranci jinyar waɗanda suka tsira.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da dalma ke yin ɓarna ita ce ƙwace gurbin tutiya. Tana yin haka a wani sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen ƙera jini, abin da ke jawo ƙarancinsa. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa tana iya shiga yatsan tutiya ta karkatar da siffarsa.

Jiki ba ya tara tutiya da yawa, don haka kullum sai an samo ta daga abinci: nama, hanta, wake da gyaɗa. Gero da dawa, waɗanda manoman Tsafe da Bunguɗu ke dogara da su, suna da ita, amma suna ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji tsotsarta. Jiƙa hatsi da tsima shi, kamar yadda mata ke yi wa kamun koko, yana rage wannan matsala.

A shekarar 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa bai wa yaro mai gudawa miligiram 20 na tutiya kullum har kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa, miligiram 10.