Waye Mai Anne? Tarihin Shaƙuwar Masu Karatu da Jerin Littattafan L. M. Montgomery, 1908 zuwa 2022

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin yadda masu karatu a Kanada da Japan da Poland suka shaƙu da Anne Shirley, marainiyar da Lucy Maud Montgomery ta ƙirƙira. An duba yadda shaƙuwar ta tilasta wa marubuciyar ci gaba da labarin da ta so ajiyewa, da kuma yadda ta zama ƙa'idar da mafassara ke jin tsoron taɓawa.

Gabatarwa

A watan Yunin 1908 kamfanin L. C. Page na birnin Boston ya buga Anne of Green Gables. Labari ne na wasu dattawa biyu, wa da ƙanwa, Matthew da Marilla Cuthbert, manoma a tsibirin Prince Edward na gabashin Kanada. Sun nemi a aiko musu da yaro daga gidan marayu don ya taya su aikin gona, sai aka yi kuskure aka aiko da yarinya 'yar shekara 11, mai jan gashi da yawan surutu. Littafi na takwas, Anne of Ingleside, ya fito a 1939. Wato shekaru 31 ke tsakani, kuma yarinyar da ta karanta na farkon tana aji uku tana iya karanta na ƙarshen da 'ya'yanta a gabanta. A nan ƙarfin irin wannan jeri yake. Mai karatu yakan auna shekarunsa da na tauraruwar, har ta zame masa tamkar tsara.

Marubuciya a hannun masu karatu

Montgomery ba ta yi niyyar rubuta jeri ba. Kamfanin ne ya nemi ci gaba tun kafin na farkon ya shiga kasuwa, shi ya sa Anne of Avonlea ya biyo baya a 1909. Kundayen sirrinta, waɗanda aka fara bugawa a 1985 ƙarƙashin editocin Mary Rubio da Elizabeth Waterston, sun nuna cewa tun da wuri ta gaji da Anne. Amma wasiƙu ba su daina zuwa ba, kuma tambayar ɗaya ce: shin Anne za ta auri Gilbert Blythe, yaron da ta fasa wa allo a ka don ya tsokane ta a kan gashinta? Sai a 1915, cikin Anne of the Island, aka yi musu baiko. An ɗaura auren a Anne's House of Dreams na 1917.

Haka kuma mutuwar Matthew a ƙarshen littafi na farko ta zame mata abin tuhuma. Masu karatu da yawa sun yi mata ƙorafi a kai, kuma a taƙaitaccen tarihin rayuwarta na 1917 ta bayyana cewa ita ma ta yi nadamar kashe shi. Abin lura ne a ce marubuci ya nemi uzuri a kan mutuwar mutumin da bai taɓa rayuwa ba.

Duk da haka ba ta sakar musu ragama gaba ɗaya ba. A 1914 ta haifi ɗa bai zo da rai ba. Bayan shekaru uku sai ta sa 'yar farin Anne ta rasu a ranar da aka haife ta. A Rilla of Ingleside na 1921 kuwa ta tura Walter, ɗan Anne mai son waƙa, zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya mutu a Courcelette ta Faransa a 1916, inda sojojin Kanada suka yi asarar rayuka da yawa. Da wannan littafi ta ɗauka ta rufe babin Anne.

Ba ta rufe ba. Fim ɗin da aka yi a Amurka a 1934 ya karɓu ƙwarai, har jarumar da ta fito a matsayin Anne ta ajiye sunanta na fim, Dawn O'Day, ta koma amsa Anne Shirley. Kasuwa ta sake buɗewa, ita kuma Montgomery tana cikin matsin kuɗi. Abin da ta yi a nan ya fi komai bayyana irin abin da masu karatu ke nema: ba ta ci gaba daga inda ta tsaya ba. Littafin 1936 ya koma shekarun da Anne ke koyarwa kafin aure, na 1939 kuma ya koma lokacin da 'ya'yanta ke ƙanana, Walter yana raye. Masu karatu sun so Anne ta girma, amma ba su so ta tsufa ba, sai marubuciyar ta cike musu giɓin baya. Ta rasu a 1942.

Anne a Japan

Muraoka Hanako ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Toyo Eiwa a Tokyo, wadda 'yan mishan na Kanada suka kafa. A 1939, da iskar yaƙi ta fara kaɗawa, wata abokiyar aikinta 'yar Kanada mai suna Loretta Shaw ta bar mata kwafin littafin farko kafin ta koma gida. Muraoka ta fassara shi a cikin shekarun yaƙi, lokacin da Ingilishi harshen maƙiya ne, ana kuma ruwan bama-bamai a Tokyo. An buga fassarar a 1952 da sunan Akage no An, wato Anne mai jan gashi, daga baya ta fassara sauran jerin.

Ba wuya a gane dalilin karɓuwarsa. Yaƙi ya bar marayu masu tarin yawa, ga kuma sabon tsarin ilimi da ya buɗe wa 'ya'ya mata ƙofa. Marainiyar da ta samu gida, ta yi fice da karatu, sannan ta ajiye gurbin jami'a don ta zauna da Marilla da ido ya fara gaza mata, ta haɗa buri da biyayya ta hanyar da iyaye da 'ya'ya duk za su yarda da ita. Isao Takahata ya mayar da labarin zanen motsi na talabijin a 1979, tashar NHK kuma ta yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar Muraoka a 2014. Har yau matafiya daga Japan na zuwa Cavendish don ganin gidan gonar da aka jingina wa labarin, wanda ke cikin gandun ƙasa da aka kafa a 1937. Wasu ma can suke zuwa ɗaura aure.

Rikicin suna a Poland

Fassarar Poland ta riga ta Japan da kimanin shekaru 40, domin ta fito tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mafassariyar, Rozalia Bernsteinowa, ta yi wa labarin gyaran fuska: Anne ta zama Ania, Marilla ta zama Maryla, Matthew ya zama Mateusz, sunan gidan kuma ya koma koren tudu, alhali asalinsa yana nufin korayen kusurwoyin rufin gida ne. Mafassaran da suka biyo baya sun san da wannan, amma akasarinsu suka bar sunan littafin yadda yake.

A 2022 Anna Bańkowska ta fitar da sabuwar fassara, ta mayar wa kowa sunansa na asali, ta kuma gyara taken. Muhawara ta kaure a jaridu da kafafen sada zumunta. Ta fuskar amana ga matani, gaskiya na wajenta. Sai dai masu fushin ba Montgomery suke karewa ba. Abin da suke karewa shi ne Ania da kakanninsu suka karanta wa iyayensu, iyayen suka karanta musu, yarinyar da Bernsteinowa ke da rabo a halittarta kamar yadda Montgomery ke da shi. Ita kanta Bańkowska ta hango hakan, domin a gabatarwar fassarar ta amsa laifin kashe Ania tun kafin kowa ya tuhume ta.