Daga robots.txt zuwa wayar salula: asalin ƙa'idojin da injin bincike ke bi

Kusan duk wanda ya buɗe gidan yana a ƙasar nan, ɗan jarida ne ko ɗan kasuwa ko mai ƙungiyar agaji, ba ya daɗewa sai wani ya zo masa da tayin zai hau da shi shafin farko na Google. A Yamai sunan aikin référencement, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce SEO. Wasu masu tayin sun san aikinsu. Wasu kuwa maganin da suke talla ya daina ci shekaru goma sha biyar da suka wuce, amma har yau suna karɓar jikkunan mutane a kansa. A ganina hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce sanin inda kowace shawara ta fito, domin kowace ƙa'ida an kafa ta ne a wata shekara sananniya, saboda wata matsala ko wata yaudara da ta addabi masu injin bincike.

Sai mu fara da yadda injin ke aiki. Lokacin da ka rubuta tambaya, Google ba ya zagaya intanet a wannan daƙiƙar. Yana duba rumbunsa ne, wanda wata manhaja ta riga ta cika. Manhajar nan, wadda ake yi wa laƙabi da gizo, tana shiga shafi ta kwafe rubutunsa, ta bi rariyar liƙau da ke cikinsa zuwa wani shafin, haka dare da rana. Duk abin da ake kira gyaran fasaha na gidan yana ya ta'allaƙa ne kan tambayoyi uku: gizon ya iya shiga, ya fahimci abin da ya tarar, kuma ya yarda da shi?

Ɗaya daga cikin gizo-gizan farko shi ne wanda Matthew Gray ya rubuta a jami'ar MIT ta Amurka a 1993, don ya auna girman yanar. Nan da nan wasu suka biyo sahu, kuma da yawansu ba su da ladabi. Gizo ɗaya kan roƙi ɗaruruwan shafuka a jere har uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da gidan yanar, ta kasa amsa wa mutane. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Martijn Koster, wanda ke aiki a Ingila, ya kawo shawara a farkon 1994: kowane gida ya ajiye ɗan ƙaramin fayil a bakin ƙofarsa mai suna robots.txt, ya rubuta ɗakunan da bai yarda gizo ya shiga ba. Babu hukumar da ta tilasta wa kowa. Yarjejeniya ce ta mutunci, kuma sai a 2022 aka mayar da ita rubutacciyar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 9309, bayan shekara 28 ana aiki da ita.

Na daɗe a kan wannan fayil ne domin har yanzu shi ke kashe gidajen yana ba tare da masu su sun sani ba. Layi ɗaya a cikinsa, Disallow tare da alamar / ita kaɗai, ya isa ya kori Google daga gidan baki ɗaya. Magina kan sa shi lokacin da suke aiki don kada a ga gini bai ƙare ba, sai su miƙa makulli su manta. WordPress ma yana da wani ɗan akwati a sashen saituna da ke roƙon injinan bincike kada su saka gidan a rumbunsu. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a sani: robots.txt yana hana shiga ne kawai, ba ya hana adireshin shafi bayyana a sakamakon bincike idan wasu sun liƙa shi. Mai son shafi ya ɓace sai ya sa masa umarnin noindex, kuma ya bar ƙofa a buɗe don gizon ya shiga ya karanta umarnin. Wanda ya haɗa biyun ya rufe ƙofa ne ya manna sanarwa a cikin ɗaki.

Injinan shekarun 1990 irin su Infoseek da AltaVista, wanda kamfanin Digital ya buɗe a Disamba 1995, sun yarda da maganar mai gida. Akwai wani wuri a kan shafi da mai karatu ba ya gani, inda ake jera kalmomin da shafin ya ƙunsa, kuma injin yana ɗaukar jerin da gaske. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar duba. Mutane suka cika wurin da sunayen mawaƙa da ƴan wasa da duk abin da ake yawan nema, wasu suka riƙa maimaita kalma sau ɗari da farin rubutu a kan farin bango. Sakamakon bincike ya zama bola. A Satumba 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da wannan jeri na kalmomi wajen tsara sakamako. Don haka duk wanda ya zo maka yau ya ce babban aikinsa shi ne cika maka wannan wuri, ka san shekarun kayan da yake sayarwa.

Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford, sun kafa Google a 1998 a kan wata dabara daban. Maimakon a tambayi shafi abin da yake faɗa game da kansa, sai a duba su wa ke nuna shi. Kowace rariyar liƙau tamkar shaida ce, kuma shaidar gidan da shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi. Suka kira lissafin PageRank. Mu da muka tashi a inda ba a ba baƙo bashi sai wani sananne ya tsaya masa, dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Sai dai shaida ma ana sayenta. Kasuwar liƙau ta buɗe, wasu suka riƙa zuba adireshinsu a ƙasan rubuce-rubucen mutane da manhaja, dubbai a dare ɗaya. A Janairu 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da alamar nofollow, wadda mai gida ke manna wa liƙau don ya ce bai tsaya wa wannan ba.

Hukunci ma ya fara sauka a kan manya. A Fabrairu 2006 Google ya cire gidan yanar kamfanin motoci na BMW na Jamus daga rumbunsa na ƴan kwanaki, saboda shafukan da ke nuna wa gizo rubutu cike da kalmomi alhali suna tura mutum wani wuri dabam. A Fabrairu 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka ya mamaye saman sakamako da dubban liƙau na saye, Google ya jefa shi ƙasa. A wannan watan ne aka fito da gyaran da ake kira Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na tambayoyi a Amurka, ya nufi gidajen da ke tara rubutu maras amfani ko kwafe na wasu. Penguin ya biyo baya a Afrilu 2012 don masu sayen liƙau. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Gidajen labarai nawa ne na Hausa ke ɗauko labarin BBC ko RFI kalma da kalma su manna? Idan rubutu ɗaya ya bayyana a wurare goma, injin guda yake zaɓa ya nuna, kuma da wuya ya zaɓi mai kwafe.

A tsakanin waɗannan shekaru an samar da kayan aiki na gaskiya, waɗanda ba su mutu ba. Taswirar gida, fayil ɗin sitemap.xml, Google ya fito da ita a 2005, Yahoo da Microsoft suka karɓa a 2006. Jerin adireshin shafukanka ne, har 50,000 a fayil guda, don gizo ya san da su ko da babu mai nuna su. A Fabrairu 2009 aka kawo alamar canonical, wadda ke gaya wa injin adireshin asali idan shafi ɗaya yana buɗuwa ta hanyoyi da yawa. Ga kuma tsohuwar lambar 301, da ke cewa shafi ya ƙaura dindindin zuwa sabon wuri. Wanda ya sake ginin gidansa bai sa ta ba, duk shaidar da ya tara cikin shekaru sai ta zube a kan shafukan da ba su nan. A 2011 aka ƙara schema.org don bayyana farashi, adireshin shago ko ranar taro da yaren da inji ke ganewa. Duk waɗannan ana duba lafiyarsu kyauta a Search Console, sunan da aka ba kayan aikin Google na masu gidajen yana tun 2015.

Akwai wani reshe na tarihin nan da ba kasafai Turawan da ke rubuta shawarwari ke ambata ba, alhali shi ne namu. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma Ken Thompson da Rob Pike sun ƙirƙiro UTF-8, hanyar ajiye su a fayil, a 1992. Amma an daɗe kafin kwamfutocinmu su iya nuna su. Masu buga Hausa suka riƙa amfani da zubin haruffa na musamman, inda abin da ido ke gani ƙ ne, abin da kwamfuta ta ajiye kuma wata alama ce dabam. Duk rubutun da aka ɗora a yana ta wannan hanya, gizo shirme ya karanta. Wasu suka koma k' da d', wasu suka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, ga shi mu a Nijar muna rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Kalma ɗaya ta rabu gida uku ko huɗu. Shawarata ita ce a tabbatar shafi ya bayyana UTF-8 a kansa, a rubuta Hausa daidai a cikin jikin rubutu, amma a bar lanƙwasa a adireshi. Idan ka sa Maraɗi a adireshin shafi, wanda ya kwafe shi zuwa WhatsApp zai iya ganin Mara%C9%97i, abin da ba wanda zai so ya taɓa.

Sai batun harshe biyu. Gidajen yanarmu da yawa suna gwama Faransanci da Hausa a shafi guda: kanun da maɓallai da Faransanci, labari da Hausa, wani lokaci fassarar a ƙasa. Google ya bayyana cewa yana gane harshen shafi ne daga rubutun da ake gani, kuma yana shawartar a ba kowane harshe shafinsa da adireshinsa. Tun 2011 akwai alamar hreflang da ke haɗa shafin Faransanci da ɗan'uwansa na Hausa. Lambar Hausa ha ce, ta Hausar Nijar ha-NE. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sanarwar da ake bugawa a takarda, a ɗauki hotonta, a ɗora. Ma'aikatu da makarantu sun ƙware a nan. Sakamakon jarrabawa, kiran neman aiki, farashin kasuwa, duk a hoto, ko a muryar WhatsApp, ko a rukunin Facebook da ke rufe. Bayan wata shida wanda ya nema da kalma ba zai same su ba.

Daga 2010 hankalin Google ya koma kan mai karatu da abin da ke hannunsa. A Afrilu na shekarar ya ce saurin buɗuwar shafi ya shiga lissafi. A Agusta 2014 ya ƙara HTTPS, wato ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin mai karatu da uwar garke. Let's Encrypt ya mayar da takardar shaidar kyauta daga ƙarshen 2015, kuma tun Yuli 2018 manhajar Chrome ke yi wa gidan da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Ranar 21 ga Afrilu 2015 aka fara fifita shafukan da ke karantuwa a salula. Daga 2018 kuma Google ya fara ɗaukar siffar salula a matsayin ainihin shafin, aikin da ya ce ya kammala a 2023. Abin da ka ɓoye wa mai waya, ka ɓoye wa rumbun ke nan. Ma'aunan da aka fito da su a 2020 sun sa iyaka a fili: babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

A nan ne nake ganin ƙa'idar Google ta zo daidai da buƙatarmu, ko da ba don mu aka yi ta ba. Mai karatunmu na Tasawa ko Madawa da waya yake shiga, rezo na zuwa yana ɗaukewa, forfe kuma a ƙidaye yake. Magini yana zaune a Yamai da babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, ya jera hotuna masu nauyin mega biyar-biyar da bidiyo mai kunna kansa, ya nuna wa mai gida a ofis, kowa ya yaba. Ba wanda ya gwada da ƙaramar Tecno a bakin tasha. Rage nauyin hoto kafin a ɗora shi aikin minti biyu ne.

Yanzu sabbin gizo-gizai sun shigo, na kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, masu kwasar rubutu don horar da manhajojinsu. OpenAI ya sanar da nasa mai suna GPTBot a Agusta 2023, Google ya fito da Google-Extended wata guda bayan haka, kuma tun Mayu 2024 ya fara ɗora amsar da inji ya rubuta a saman sakamako a Amurka kafin ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe. Manyan jaridun Turai da Amurka da dama sun rufe wa waɗannan gizo-gizai ƙofa, don suna ganin ana cin guminsu ba a turo musu masu karatu. Lissafin mai rubutun Hausa bai zama lalle ya yi daidai da nasu ba. Rubutunmu a yana kaɗan ne, kuma manhajar da ba ta karanta shi ba za ta ci gaba da yi wa ƴaƴanmu gurguwar Hausa. A ɗaya gefen kuma ɗan jaridar da ke rayuwa da talla yana da haƙƙin ya ƙi. Kowanne mutum ya zaɓa, wurin rubuta shi ɗaya ne, fayil ɗin nan na Koster: layi na farko sunan gizon, na biyu ɗakunan da aka hana shi.