Kashi na 14: Yaran da suka kunna ƙaramar rana a cikin ɗaki

Daga nan Mandera nake gaishe ku, ku na Bodinga, ku na Shagari, da duk inda kuke.

Yau tarihin haɗewar ƙwayoyin zarra zan ba ku. Ranar nan da ke gasa mu a watan Afrilu, aikinta ke nan: tana matse ƙwayoyin haidirojin su zama hiliyom, zafi ya fito. A 1939 Hans Bethe ya fitar da bayanin yadda taurari ke yin haka. A 1952 Amurka ta gwada shi a bom. To, ka ga fashewa an iya, riƙe wutar a hankali ta ba da lantarki ne ya gagara.

A shekarun 1960 Philo Farnsworth, wanda ya yi fice wajen ƙera talabijin, ya haɗa wata na'ura da ake kira fiyuso. Tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe wa iska, a sa haidirojin mai nauyi, a ba ta bolt dubbai, ƙwayoyin su yi ta karo. Daga baya masu sha'awa suka fara haɗa ta a gida. Taylor Wilson ya yi nasara a 2008 yana ɗan shekara 14. Jackson Oswalt na Memphis ya yi a 2018 yana da 12, a ɗakin gidansu.

Amma fa ku ji inda gizo ke saƙar. Fiyuso tana shan wuta fiye da abin da take bayarwa, nesa ba kusa ba. Ko ƙwai ɗaya ba za ta kunna maka ba. Sai a Disamban 2022 wani katafaren ɗakin bincike a Kalifoniya ya harba megajul 2.05 na hasken leza ya samu 3.15, kuma ko nan ba a lissafa wutar da lezar kanta ta sha ba. Duk mai ce muku zai haɗa injin nukiliya ya raba ku da matsalar NEPA, ku riƙe kuɗinku. Wutar na'urar tana kisa nan take, ga hasken eksire da ba a gani.

Mu namu tarihin wata hanya ya bi. Injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ya fara aiki a 2004 tsaga yuraniyom yake yi, ba haɗawa ba. A 1982 kuma, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yanzu ake kira Usmanu Danfodiyo, aikinta makamashin rana: murhu, busar da amfanin gona, sola.

Ni a ganina nan ne ƙofar matashinmu mai son ƙere-ƙere. Fiyuso makaranta ce mai kyau ga wanda yake da malami da kayan kariya. Wanda kuwa yake son famfon garinsu ya kawo ruwa, ya koyi sola da batir.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa.