Dinyar da Aka Yi wa Ta'aziyya Tana da Rai

Duk ranar 1 ga Satumba, tun kafin gari ya waye, maharba a jihohin Amurka da dama sun riga sun kwanta cikin kututturan alkama da aka girbe. Sun jera gumakan dinya na roba, sauro na cizo, zufa na keto musu, suna busa usur mai kwaikwayon kukan tsuntsuwar. Wannan ita ce farautar farkon kaka, kuma duk shekara sai ta tayar da gardama: me ya sa ake barin mutum ɗaya ya harbe dinya har 15 a yini a jiha kamar New York?

Amsar tana Rochester, jihar Minnesota.

A farkon ƙarni na 20, harbi ba ƙaƙƙautawa, da kwasar ƙwai, da busar da fadamu sun kusa ƙarar da dinyar Kanada, mai baƙin wuya da farin kunci. Yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, ta taƙaita harbin tsuntsaye masu ƙaura. Amma ƙatuwar cikin dinyoyin Kanada, wadda tsofaffin maharba ke ba da labarinta, an daina ganinta. A 1954 masanin tsuntsaye Jean Delacour ya rubuta cewa alamu sun nuna ta ƙare.

A watan Janairun 1962 aka gayyaci Harold Hanson, masani daga jihar Illinois, ya taya ma'aikatan Minnesota sa wa dinyoyi zobe a ƙafa a tafkin Silver Lake. A lokacin, tafkin ba ya daskarewa ko da sanyi ya yi tsanani, domin tashar lantarki na zuba masa ruwan ɗumi. Suka kama tsuntsayen, suka ɗora a sikeli, sai nauyin ya wuce abin da hankali zai ɗauka. Kowa ya ce sikelin ne ya lalace. Aka je kanti aka sayo sukari da fulawa waɗanda aka san nauyinsu, aka gwada. Sikeli lafiyarsa ƙalau. Ashe wadda aka yi wa ta'aziyya tana tsakiyar gari, yara na jefa mata abinci. A 1965 Hanson ya fitar da littafi sukutum a kanta.

Daga nan masu ba da labari suka rabu biyu. Wasu na cewa dinyoyin da suka cika filayen wasa da bakin tafkunan birane a yau jikokin na gida ne, waɗanda maharba ke ɗaurewa don su yaudaro 'yan'uwansu, aka sake su bayan an haramta wannan dabara a 1935. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, musamman a gabashin ƙasar. Amma ni na fi gamsuwa da ɗaya bayanin. Bayan 1962 hukumomin kula da namun daji na jihohi sun kiwata ƙatuwar dinyar da gangan, suka loda ta a mota, suka rarraba ta wurare da yawa. Ɗan dinya a wurin iyayensa yake koyon hanyar ƙaura. Wanda aka sauke daga mota bai san wata hanya ba, sai ya zauna inda ya sami ciyawa da ruwa. Jingina komai ga tsofaffin maharba hanya ce ta wanke hannun hukuma daga abin da ta shuka da kanta.

Sauran labarin gajere ne. Dinyoyi mazauna suka hayayyafa, manoma da masu filayen jirgin sama suka koka. Aka buɗe farautar Satumba domin a rage su kafin masu ƙaura su sauko daga Kanada. Da jirgin US Airways ya yi karo da dinyoyi ya yi saukar gaggawa a Kogin Hudson ranar 15 ga Janairu, 2009, da mutum 155, mazaunan ne aka fara zargi, sai binciken gashin da aka ciro daga injin ya nuna baƙi ne 'yan ƙaura.

Don haka maharbin da ke kwance a gonar alkama yau, yana jiran garke ya karyo, gadon aikin ceto ya ci. Kakanninsa sun kusa ƙarar da tsuntsuwar, iyayensa suka raya ta, shi kuma aka ɗora masa aikin daidaita sikelin.