Hano da Sanyin Ƙashi: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Bompai

Kalmar "sanyi" a likitancin Hausawa tana da faɗi ƙwarai. A ƙarƙashinta akan tara ciwon gwiwar tsufa, da tsamin jikin mai aikin ƙarfi, da kuma amosanin gaɓɓai, wato cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa gaɓɓan mai ita, su kumbura, su sage da safe, daga bisani yatsu su karkace. Masu magani a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sukan ba duka ukun jiƙon sassaƙen hano, wanda wasu ke kira ararraɓi.

Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan Hausa a littafinsa na 1916, kuma don tunawa da shi masana tsirrai suka raɗa wa hano suna Boswellia dalzielii. Ɗan'uwan wannan itace da ke Indiya an fi bincikarsa. An gano a cikin ƙaronsa akwai sinadaran da ke danne wasu hanyoyin da jiki ke bi wajen haifar da kumburi, abin da ke nuna magabata ba a banza suka riƙe hano ba. Amma hujjar ta fi ƙarfi a kan ciwon gaɓɓai na tsufa. Wani ƙaramin gwaji da aka buga a Jamus a 1998 bai ga wani tasiri a kan amosanin gaɓɓai ba.

Da aka buɗe Bompai a shekarun 1950, sannan Sharaɗa da Challawa a shekarun 1970, masana'antun Kano sun karkata ga gyaɗa da auduga da fata. Ko bagaruwar majema ma gishirin kuromiyam ya ture ta a manyan kamfanonin jima. Hano kuwa ya ci gaba da zama a buhun mai magani, ba awo, ba tantance ƙarfin sassaƙen wannan daji da na wancan.

Illar tana ga mai amosani. Jiƙo kan lafar da zogi, shi kuwa ƙashi yana ta zaizayewa. Likitocin zamani sun tabbatar cewa watannin farko su ne lokacin ceto gaɓɓai, da magani irin metotireksat, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 1988. Leburan da aka ce masa sanyi ne kawai yakan isa asibiti bayan yatsun sun riga sun karkace, ya kasa riƙe abin aikinsa.